Gigin Tsufa da Gubar Dalma: Aikin da Ke Gaban Anka, Gummi da Bukkuyum



Masu martaba iyayen ƙasa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Hakimai da dagatai, likitoci da ma'aikatan jinya, iyayenmu mata, 'yan'uwa matasa, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Maganar da zan yi yau a kan gigin tsufa ce: abin da binciken likitoci ya gano game da abubuwan da ke share masa hanya, da yadda ake gane shi tun bai yi nisa ba. Na san wani zai ce a ransa, a ƙasar da manomi ba ya iya zuwa gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, ina ake da sararin zancen mantuwar tsofaffi? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ita ce jigon laccar nan. Ciwon da ke kama ƙwaƙwalwa a shekara saba'in, tun ana yaro ake fara tara shi. Ƙasashen nan uku na Anka, Gummi da Bukkuyum a Jihar Zamfara kuwa suna da wani dalili nasu na kansu da ya sa ya kamata su riga kowa tashi a kan wannan al'amari. Zan zo kansa.

Mu fara daga cikin gida. Kowa a nan ya san irin gyatumar da nake nufi. Shekara hamsin tana tuƙa tuwo, yau ta zuba gishiri a miya sau uku. Ta tambaya ko an yi la'asar, a ce mata an yi, kafin a ɗauke tabarma ta sake tambaya. Ta yi alwala, ta zauna, ta sake neman buta. Ta ɓoye 'yan kuɗinta a ƙarƙashin katifa, ta manta, ta ce matar ɗanta ce ta sace. Wata rana da yamma a ga ta ɗaure ƙullin kayanta ta nufi ƙofa, wai za ta gidan Baba, Baban da ya rasu tun kafin a haifi ɗanta na fari. Ko dattijon da ya yi shekara arba'in yana cinikin dabbobi, lissafin garke guda yana kansa, yau canjin naira dubu ya gagare shi.

Mukan ce tsufa ne. Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu. Mafi muni, idan tsohuwar ba ta da gata, a ce mayya ce, tunda an gan ta tana yawo da dare tana ambaton sunayen matattu. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa ciwo ne da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Tsufa yana ƙara yiwuwar kamuwa da shi, amma tsufan kansa ba shi ne ciwon ba, shi ya sa za ka ga ɗan shekara casa'in da hankalinsa garau, yana kawo maka tarihin garinku daki-daki. Nau'in da ya fi yawa shi ne wanda ake kira da sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906, kuma shi ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Mai bi masa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini ke kawowa, irin wanda kan biyo bayan hawan jini da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55, ana samun kusan miliyan 10 sababbi duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari suna zaune ne a ƙasashe irin namu, ba a Turai ko Amurka ba.

Abin alfahari ne cewa ɗaya daga cikin manyan binciken da duniya ke tinƙaho da su a wannan fage a Nijeriya aka yi shi. A 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka, tare da su Farfesa Adesola Ogunniyi, suka fara bin tsofaffin Yarabawa a Ibadan da tsofaffin baƙaƙen fata a birnin Indiyanafolis, da tambayoyi iri ɗaya da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon da suka fitar a 2001 ya nuna cewa a kowace shekara kashi 1.35 cikin ɗari na tsofaffin Ibadan ke kamuwa, alhali a Indiyanafolis kashi 3.24 ne. Mutane ne da tushensu ya haɗu a Afirka ta Yamma, amma na can sun ninka na nan fiye da sau biyu. Ashe ba gado kaɗai ba ne. Abin da mutum ke ci, da lafiyar jijiyoyin jininsa, da irin zaman da yake yi, duk suna da hannu. Masu binciken sun kuma gano cewa ko a cikin Yarabawan, masu hawan jini sun fi saurin kamuwa.

A arewa ma an taɓa. Binciken da aka yi a Zariya, wanda aka buga a 2011, ya samu ciwon a jikin kusan kashi 3 cikin ɗari na tsofaffin da aka duba. Na Jos, a 2006, ya samu fiye da kashi 6. Wani nazari da ya tattara alƙaluman ƙasar baki ɗaya ya ƙiyasta cewa masu ciwon a Nijeriya sun tashi daga kimanin 64,000 a 1995 zuwa kimanin 318,000 a 2015. Kada ƙanƙantar adadin Ibadan ta sa mu saki jiki. Mutane suna ƙara tsawon kwana, hawan jini da ciwon suga suna ƙara shiga ƙauye.

Mujallar likitoci ta Lancet tana da wani kwamiti na masana ƙarƙashin Farfesa Gill Livingston da ke tace duk binciken da aka yi a duniya. A rahotonsu na 2024 sun lissafa abubuwa 14 da ɗan Adam ke da ikon gyarawa, suka ce da za a kawar da su duka, da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan ciwo. Wasu daga ciki kowa zai iya cankarsu: taba, giya, ƙiba, ciwon suga, maiƙo a jini, rashin motsa jiki. Ba zan tsaya a kansu ba. Waɗanda suka fi damuna su ne waɗanda muke kwana da su muna tashi da su ba tare da mun ɗauke su ciwo ba.

Ɗauki rashin ji. Kunnen da ya toshe yana raba mutum da hira, ya daina zuwa majalisa, ya daina sa baki, ƙwaƙwalwa ta rasa abin taunawa. Mu kuwa muna tsakiyar yankin sanƙarau, kuma annobar 2017 a Zamfara ta fi yin ɓarna. Sanƙarau kan bar wanda ya tsira da kurumta. Haka yanar ido, wadda aikin ƙasa da awa ɗaya ke cirewa, amma sai a bar tsoho shekara biyar a ɗaki cikin duhu. Ɗauki buguwar kai: matasanmu nawa ne suka faɗo daga babur ba hular kwano, suka suma, suka farfaɗo, aka ce Allah ya kiyaye, shi ke nan? Hayaƙi ma yana cikin lissafin, kuma ba sai na gaya wa iyayenmu mata yawan hayaƙin itacen da suke shaƙa a madafa ba. Sannan ga baƙin ciki mai tsanani da kaɗaici. Dattijon da aka kora daga ƙauyen da aka binne cibiyarsa, ya ga kisan da 'yan bindiga suka yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairun 2022, ko wanda ambaliyar Gummi ta 2024 ta rushe masa gida, yanzu yana zaune a sansani ko a zauren wani, babu gona, babu abokan hira, babu mai neman shawararsa, wannan mutum ana ci masa ƙwaƙwalwa ta hanyoyi uku a lokaci guda.

Akwai kuma ƙarancin karatu tun ana yara. Ƙwaƙwalwar da aka horar da wuri tana da ajiyar da za ta ci idan ciwo ya zo, shi ya sa alamun kan jinkirta bayyana. Duk makarantar da aka rufe saboda tsoron masu satar mutane, asararta ba ta tsaya a jarabawar bana ba.

Yanzu ga dalilin da na ce namu ne na kanmu.

A farkon 2010 agwagi suka fara mutuwa a wasu ƙauyukanmu, ba wanda ya kula. Sai yara suka biyo baya: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma, mutuwa. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba sauƙi. A watan Maris ƙungiyar likitoci ta MSF ta kai rahoto, aka gwada jini, aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gida, a farfasa, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Dareta, Abare, Sunke, Duza, Tungar Daji da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: sunayen nan sun shiga littattafan likitanci na duniya. Yara aƙalla 400 suka rasu. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta yi tare da jami'an lafiyarmu a ƙauyuka biyu ya nuna cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda.

Ina so ku riƙe alƙaluma uku. Ana auna dalma da maikirogiram a kowace desilita ta jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ta kai 5 a tashi a nemo inda take fitowa. Idan ta kai 45 sai an ba yaro maganin da ke tsamo ta. A ƙauyukan nan biyu, kashi 97 cikin ɗari na yaran da aka gwada sun kai 45 ko sun wuce. 'Yar na'urar gwajin da aka zo da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, kuma jinin yara da yawa ya wuce ƙarfinta.

An yi aiki, ba a musu. An kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa, an yi wa dubban yara magani. Bagega ta jira har 2013 kafin kuɗin gyaranta su fito, bayan matasa sun yi ta kururuwa a kafafen sada zumunta. A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha. Mutuwar ta tsaya, duniya ta juya wani wajen.

To amma ina yaran da suka rayu? Yau samari ne da 'yan mata, wasu har sun yi aure. Dalma ba ta daɗewa a jini, cikin wata guda rabinta ya bar shi. Ƙashi take komawa ta kwanta, ta yi shekaru gommai a can, tamkar garwashin da toka ta rufe. Idan mace ta ɗauki ciki ko tana shayarwa, jiki kan ɗebo sinadarin ƙashi don ya gina jariri, sai dalmar ta biyo shi ta koma jini, ta isa ga ɗan da ke ciki. Haka idan tsufa ya zo ƙashi ya fara saki. Ita dalmar kuma tana haddasa hawan jini, tana lalata ƙoda. Maganin da aka ba yaran ya ceci rayukansu, amma ba ya mayar da abin da gubar ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa.

A garin Dunidin na ƙasar Niyu Zilan an bi wasu yara da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna jarirai. An auna dalmar jininsu suna da shekara 11, lokacin da ake zuba dalma a man fetur, aka samu matsakaicinta kusan 11. Da suka kai shekara 38 aka ga waɗanda dalmarsu ta fi yawa sun fi samun raguwar kaifin basira. Da suka kai 45 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, aka ga sashen da ke riƙe tunawa ya fi ƙanƙancewa a wurinsu, ƙwaƙwalwar kuma ta girmi shekarunsu. A Amurka ma, binciken da aka yi a kan tsofaffin maza a yankin Boston ya nuna cewa masu yawan dalma a ƙashi sun fi saurin raguwar tunani. Masana ba su kai ga yanke hukuncin cewa dalma na haifar da cutar Alzheimer kai tsaye ba, kuma ba ta cikin abubuwa 14 na kwamitin Lancet. Amma ku dubi lissafin da kanku. Can 11 ne aka ga wannan tabo. Namu sun wuce 45, wasu sun wuce 65, wasu sun kai ɗaruruwa. Yaron da aka haifa a Dareta a 2008 zai cika shekara 60 a 2068. Iyayensu da suka yi niƙa da dakan da hannunsu za su riga su isa can, wasunsu ma sun isa. Kuma haƙar zinare ba ta tsaya ba, an hana ta a 2019, aka ɗage hanin a ƙarshen 2024. Ban da zinare, kwallin da muke sa wa jarirai a ido, wanda ake yi da dutsen tozali, shi ma an sha samun dalma mai yawa a cikinsa. Wannan kam a hannun iyaye mata yake, yau ɗin nan za a iya dainawa.

Sai batun ganewa da wuri. A Amurka, a watan Mayun 2025, hukumar kula da magunguna ta amince da gwajin jini na farko da ke taimakawa wajen gano cutar Alzheimer. Akwai kuma na'urorin hoton ƙwaƙwalwa. Duk wannan yana da kyau, amma bai iso asibitin ƙauye ba, kuma ba sai mun jira shi ba. Gwaje-gwajen takarda da aka tsara a Turai su ma ba su dace da mu ba. Za a ce wa tsoho ya faɗi kwanan watan Bature, ya zana agogo, ya rubuta jimla da boko. Alaramman da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da ajami, sai ya faɗi wannan gwaji a rubuta cewa ya ruɗe, alhali gwajin ne bai san shi ba.

Masu binciken Ibadan, su Farfesa Olusegun Baiyewu, sun samo mafita mai araha. Ma'aikacin lafiya zai zauna da tsoho, ya ɗauko tsinken ashana huɗu, ya jera su a gabansa su ba da wata siffa, misali mai kusurwa huɗu ko mai kama da manjagara, sannan ya ce, "Baba, ga naka, jera mini irin wannan." Mai lafiyar ƙwaƙwalwa zai jera yana murmushi. Wanda ciwo ya fara taɓawa za ka ga hannunsa yana ta kai-kawo, ya ajiye ya ɗauka, kawunan ashanar sun juya ba daidai ba. An haɗa wannan da wasu 'yan tambayoyi a wani gajeren gwaji mai suna IDEA, da aka tsara a Tanzaniya aka kuma jarraba a Nijeriya: wace rana ce yau, wane ne mai garinku, lissafo mini dabbobin da za ka iya cikin minti ɗaya, maimaita mini kalmomin da na faɗa maka ɗazu. Bai fi minti goma sha biyar ba. Sannan a keɓe da wanda ke zaune da tsohon, yawanci 'ya ko matar ɗa, a tambaye ta abin da ya canja daga bara zuwa bana. Ita ta fi kowace na'ura sani, kuma ita ce ba a cika tambaya ba.

Za ku ce, tunda ciwon ba shi da maganin warkewa, mene ne amfanin ganewa? Gaskiya ne, sababbin magungunan da suka fito rage masa gudu kawai suke yi, ga tsada. Amma ba duk ruɗewa ce gigin tsufa ba. Tsohon da ya rikice cikin kwana biyu, galibi zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko sukarin jini ya hau ko ya faɗi, ko wani magani da ya sha, kuma a garzaya da shi asibiti zai dawo hayyacinsa. Baƙin ciki, ciwon maƙoƙo da ƙarancin sinadarin B12 duk suna kwaikwayon wannan ciwo, kuma duk ana maganinsu. Idan kuma shi ɗin ne, sani da wuri yana ba mutum damar faɗin bashin da ake binsa da wanda yake bi, ya nuna iyakar gonarsa, ya yi wasiyya da hankalinsa. Yana wanke matar ɗa daga zargin sata, ya wanke gyatuma daga zargin maita. A irin halin da muke ciki kuma, gidan da ya san Kaka ba ta gane hanya zai sa mata wanda zai riƙe hannunta ranar da aka ce a gudu da dare.

A cikin duk abin da na lissafa, wanda ya fi saurin biyan wahala shi ne hawan jini. A ƙasar Sin an yi gwaji a ƙauyuka 326, da mutane kusan 34,000 masu hawan jini. Ba manyan likitoci aka tura ba, ma'aikatan lafiya na ƙauye aka horar, aka ba su na'urar awo da magani mai sauƙin kuɗi, suna bin mutane suna aunawa. Bayan shekara huɗu, kamar yadda aka buga a 2025, kamuwa da gigin tsufa ya ragu da kashi 15 cikin ɗari a ƙauyukan da aka yi wa wannan hidima. Irin waɗannan ma'aikata muna da su a kowace gunduma. A wurinmu ma ribar biyu ce, domin dalma ta hanyar hawan jini take yin wani ɓangare na ɓarnarta.

Saboda haka roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta jiha shi ne a adana rajistar yaran da aka yi wa maganin dalma, a nemo su duk inda gudun hijira ya kai su, a riƙa auna jininsu da ƙodarsu da tunaninsu lokaci-lokaci, a fara da matan da ke da juna biyu. Malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Kware da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wannan bincike naku ne. Ku daidaita gwajin ashana da tambayoyinsa da Hausar da tsofaffinmu ke ji, ku koya wa ma'aikatan asibitocin Anka, Gummi da Bukkuyum. Malamanmu, ku faɗa a kan mumbari cewa tsohuwar da ta ruɗe marar lafiya ce, haƙƙinta a kanmu jinya. Masu martaba, ranku ya daɗe, umarninku ne ya fitar da niƙan dutse daga cikin gidaje, muna roƙo kada a bari ya koma.

Ku kuma da kuka haura shekara arba'in, maza da mata, kada watan nan ya ƙare ba ku je an auna jininku ba. In za ku tafi, ku tafi da Baba da Inna.